Gobara ta cinye ɗakinmu a Agege, ana neman kuɗin fom kafin tallafin ƙaramar hukuma

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, mun daɗe muna zaune a ɓangaren Agege. Maigidana mai shayi ne. Makonni uku da suka wuce gobara ta tashi a gidan da muke haya, cikin dare bayan an kawo wuta, ta cinye ɗaki shida har da namu. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, sai ƙaramar 'yarmu da ta ƙone a hannu. Amma komai ya tafi: katifa, sutura, takardunmu, kayan shayin da ya saro a ranar, da kuɗin adashin da na ɗauka. Yanzu muna raɓe a wajen yayansa, kuma na fara ganin canji a fuskar faccalata. Wani mutum a unguwarmu da ke cewa shi na hannun daman kansila ne ya ce ƙaramar hukuma tana ba irinmu tallafin gaggawa, amma sai mun ba shi naira dubu 15 kuɗin fom, kuma idan kuɗi ya fito a ba shi kashi ɗaya cikin uku. Maigidana ya ce shi ba zai je ofis bara ba, kuma ko ya je ba za a ba Bahaushe komai a Legas ba. Ina da 'yan kunnen zinare da suka tsira don suna kunnena, ina tunanin in sayar in biya mutumin ba tare da ya sani ba. Mai gidan hayar ma yana riƙe da sauran kuɗinmu na wata bakwai. Don Allah tallafin nan gaskiya ne? Yaya zan yi?

Maman yara, Agege

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar muku da mafi alheri, ya ba yarinya lafiya. Kafin komai, bar 'yan kunnenki a kunnenki. Kada ki ba mutumin nan ko sisi, a ɓoye ko a fili.

Ba a sayar da fom ɗin neman agajin gobara. Duk kuɗin da ƙaramar hukuma ke karɓa bisa ƙa'ida yana zuwa da rasit mai sunanta, ba ya shiga aljihun wani a bakin titi. Irin wannan mutumin ɗayan biyu yake yi: ko ya karɓa ya riƙa ce miki "ana kan aiki" har ki gaji, ko kuma da gaske ya san wani a sakatariya, ya sa sunanku a jerin da dama kyauta ake shiga, sannan ya tsaya a kan kason da ya yanka wa kansa. Abin da ya fi dubu 15 ɗin hatsari shi ne ya nemi lambar NIN da BVN da layin wayarki da sunan zai cike miki takarda, domin da su ake karɓar bashi ko tallafi da sunan mutum bai sani ba. Ba sai kin yi faɗa da shi ba, tunda unguwa ɗaya kuke. Ki ce masa maigida bai amince ba, wanda gaskiya ne. Idan ya matsa, a ce masa ya zo a tafi tare gaban kansilan ya maimaita maganar kuɗin fom. Da wuya ki sake ganinsa.

Shi tallafin kuwa akwai shi, sai dai ba yadda aka kwatanta miki ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, irin su kasuwanni, tashoshin mota, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, maƙabartu, gidajen gajiyayyu, da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Bai yanka wani adadi da za a ba duk wanda gobara ta shafa ba. Abin da ake bayarwa yana fitowa ne daga kason jin ƙai da agaji da kowace hukuma ta ware a kasafinta na shekara, kuma sai ciyaman ya sa hannu. A Legas akwai ƙananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya sani, da wasu hukumomin raya yankuna 37 da aka ƙirƙiro a 2003 lokacin Bola Tinubu yana gwamna. Kason tarayya da sunan 20 ɗin yake zuwa, amma 57 ne ke cin moriyarsa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shi ya sa mutane ke ganin yanzu kuɗi ya yi yawa a sakatariya. Ko ya ƙaru, albashi da kwangiloli ne a gaba, agaji yana can baya. Saboda haka ki sa a ranki cewa abin da zai fito ba lallai ya kama muku sabon ɗaki ba, yana iya ɗaukar makonni ko watanni, kuma sau da yawa kaya ne ba kuɗi ba: katifa, bargo, shinkafa, bokiti. Wani lokaci ma kwanon rufi da siminti ake kawowa, waɗanda mai gida za su amfana, 'yan haya su tashi a tutar babu idan ba a rubuta su a matsayin iyalai daban-daban ba. Lokacin shekara ma yana da tasiri. Ƙarshen shekara kason yakan ƙare, farkonta kuma ana jiran kansiloli su amince da sabon kasafi.

Duk da haka ku nema, domin haƙƙinku ne kuma bai ci muku komai ba sai kuɗin buga takarda da na mota. Farko ku tabbatar da hukumar da gidan yake ƙarƙashinta. Abin da mutane ke kira Agege ya kasu tsakanin ƙaramar hukumar Agege da hukumar raya yankin Orile-Agege, kowacce da ciyamanta da sakatariyarta, kuma takardar da ta je inda ba nata ba babu mai dawo muku da ita, kwanciya kawai za ta yi. Tikitin harajin da ake yankar wa maigidanki a teburinsa, idan kusa da gida yake, yana ɗauke da sunan hukumar. Shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa, wadda ake kira CDA, shi ma zai gaya muku mazaɓarku da sunan kansilanku.

Ƙarfinku yana cikin cewa ɗaki shida ne suka ƙone. Takardar mutum ɗaya ana iya ɗaukarta roƙo, amma ta iyalai shida rahoton bala'i ce a mazaɓar kansila, kuma shi ma yana son a ga ya yi wani abu. Ku haɗu har da maƙwabtanku Yarabawa da Ibo idan akwai su a gidan, a rubuta jeri guda: sunan kowane magidanci, yawan mutanen ɗakinsa, sana'arsa, lambar waya mai aiki, da abin da ya rasa. A ɗauki hotunan ɗakunan tun kafin mai gida ya kwashe tarkace ya fara gyara, a buga su a takarda, domin hoton cikin waya ba ya shiga fayil. Idan 'yan kwana-kwana sun zo a daren, sun rubuta abin da ya faru, a je tasharsu a nemi rahoton gobarar. A kuma kai rahoto caji ofis a karɓi takardar shaidar cewa an shigar da shi. Hukumar agajin gaggawa ta jiha, LASEMA, wadda ake samu ta 112 ko 767, ita ce ke tantance irin wannan asara a matakin jiha, kuma tana aiki da kwamitocin agajin gaggawa na ƙananan hukumomi. An fi samun biyan buƙata idan an sanar da ita a ranar, amma makonni uku ba su hana a aika mata kwafin takardarku ba.

Ita takardar a rubuta ta da Turanci, shafi ɗaya, zuwa ga ciyaman ta hannun kansilan mazaɓa. A sa ranar gobarar da cikakken adireshin gidan, yawan mutanen da abin ya shafa da adadin yara, inda kuke kwana yanzu, sannan a faɗi abin da ake nema ƙarara: taimakon kuɗin haya, katifu, abinci, kuɗin maganin yarinya. Takardar da ta ce "a taimaka mana da duk abin da ya sawwaƙa" ita ce ake mayar wa da mudu biyu na shinkafa. A kai wa shugaban CDA ya buga hatimi, a nemi na Baale, wato mai unguwa na Yarabawa, a kuma nemi wasiƙar fadar Sarkin Hausawa. Fadar tana da daraja a Agege, amma kada a tsaya a kanta kaɗai, domin ma'aikacin da zai zo duba gidan CDA zai fara tambaya. A yi kwafi uku. A miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu na sakatariya, a tsaya sai an buga wa naku hatimin "an karɓa" mai kwanan wata. Wannan hatimin shi ne kaɗai shaidarku idan aka wayi gari an ce ba a ga takarda ba. Kada a ba wani "yaron oga" ya shigar muku.

Daga nan takarda takan je teburin ciyaman, ya tura ta sashen da ke kula da walwala ko sashen mata da rage talauci, wanda ake kira WAPA, su aiko a duba, su rubuta shawara, a amince, sannan ta bi ta ma'aji da mai binciken kuɗi kafin a biya. A wurare uku ta fi maƙalewa: ba a tura ta kowane sashe ba, ko an zo dubawa ba a sami kowa ba saboda duk kun watse, ko an amince amma ana jiran kuɗi. Shi ya sa za ku zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri da jin Turanci ko Yarabanci ya riƙa leƙawa sau ɗaya a mako, da kwafinsa a hannu, yana tambayar teburin da fayil ɗin yake da sunan sashen. Zuwa kullum yana gundurar ma'aikata, rashin zuwa kuma yana sa a manta.

Takardunku da suka ƙone ba su tafi da lambobinku ba. Idan layukan wayarku suna nan, *346# zai nuna NIN a layin da aka yi rajista da shi, *565*0# kuma zai nuna BVN, ana cire ɗan kuɗi kaɗan. A yi takardar rantsuwa a kotu cewa takardu sun salwanta a gobara, ita za a nuna a banki da makaranta da wajen sake karɓar takardun haihuwar yara a hukumar ƙidaya. Idan ba ku da rajistar mazauna Legas ta LASRRA, ku yi yanzu, kyauta ce, kuma ba ta tambayar asalin jiha don ta hana mutum. Ki duba abu ɗaya da ke hana mutanenmu da yawa karɓar kuɗin da an riga an amince: sunan NIN daban, na banki daban, a nan Muhammadu a can Mohammed, ko an sa sunan gari a wuri ɗaya an bar shi a wani. A gyara tun yanzu. Kuma asusun da za a rubuta ya zama na wanda sunansa ke cikin jerin, ba na yaya ko maƙwabci ba.

Sai maigidanki. Mutumin da yake ciyar da mutum shida da tukunyar shayi, dare ɗaya ya koma cin abinci a ɗakin wansa, ba taurin kai ne kawai ke sa shi cewa ba zai je ba. Mutuncinsa ne kaɗai abin da wuta ta bar masa, shi yake karewa. Kada ki yi masa maganar a gaban yayansa ko faccalarki, kuma kada ki kawo misalin wane da ya je ya samu. Akwai hujja biyu da za su fi shigarsa. Ta farko, shekara da shekaru ana yankar masa tikiti, kuɗin nan da irinsa ne ke cikin asusun da ake neman a taimaka masa daga ciki. Ta biyu ta addini ce: a hadisin Ƙabisa da ke Sahihu Muslim, cikin mutum uku da aka halatta wa neman taimako har da wanda bala'i ya afka wa dukiyarsa ya cinye ta, har sai ya sami abin da zai tsaya da ƙafarsa. Wannan ya fi kyau ya fito daga bakin limaminku ko yayansa, ba daga naki ba. Ki kuma nuna masa cewa ba layi zai bi da kwano ba, hannu zai sa a takardar magidanta shida.

Maganarsa ta cewa ba za a ba Bahaushe ba, ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Son kai da fifita na gida da 'yan jam'iyya suna faruwa a rabon kaya, a Legas da ma garuruwanmu na Arewa. Amma agajin gobara da adireshi ake neman sa, ba da takardar asalin jiha ba, kuma abin da ya fi jefa mutanenmu a baya shi ne ba sa zuwa taron CDA, ba su da rajista, sunansu ba ya cikin kowane littafi na unguwa. Idan duk da haka ya ce ƙafarsa ba za ta taka sakatariya ba, ki nemi izininsa a sa sunanki a madadin ɗakinku, ki bi sauran matan gidan. Da izini, ba a ɓoye ba. Yanzu kuna cikin halin da ɓoye-ɓoye ɗaya zai iya zama rigimar da ta fi gobarar ciwo.

Kada ku zauna jiran hukuma. Abin da zai tashe ku shi ne teburin shayi ya koma aiki a wannan makon, ko da rabin kayan da ya saba. Mai shagon da yake sarar madara da sukari da taliyar yara a wajensa ya san shi, ya san abin da ya faru, sau da yawa irinsu suna ba da kaya a biya kullum da yamma. Ƙungiyar masu shayi da 'yan garinsu da masallacin Juma'a sun fi kowace hukuma saurin haɗa abin da za a fara da shi. Akwai kuma cibiyoyin zakka masu tsari a Legas, irin su Zakat and Sadaqat Foundation da hukumar zakka ta ƙungiyar Musulmi ta NASFAT da ake kira NAZAS. Suna da fom, suna bincike, suna da lokutan rabo, kuma kwafin takardun da kuka haɗa wa ciyaman su ne za su yi muku amfani a can. Ki bambanta tallafin gaggawa da shirin tarayya na naira dubu 25 a wata har wata uku da aka sanar a 2023. Shi shirin tarayyar daga rajistar talakawa ta ƙasa ake ɗauko sunaye, ana shiga ne lokacin da jami'ai suka zo unguwa tantancewa, ba a sayen gurbi. Bashin manhajojin waya kuwa ku nisance shi, ruwansa yana da yawa, kwanakinsa kaɗan, kuma idan an makara mutanen cikin wayarka suke bi da saƙon cin mutunci.

Hannun yarinya kada a bar shi ga maganin gida. Ƙunar da ta kai mako uku ba ta rufe ba, ko tana ruwa, ko tana wari, ko ta kama gaɓar yatsu, tana buƙatar likita, domin fata na iya ɗaurewa yatsun su ƙi miƙewa. A babban asibitin gwamnati ki tambayi ofishin jami'an walwalar marasa lafiya, ki nuna musu rahoton gobara, su ne ke duba yiwuwar rage kuɗi ga wanda ba shi da hali. Ki tambaye su kuma yadda ake shiga inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, a ɓangaren marasa galihu.

Mai gidan haya shi ma asara ya yi, wataƙila kuɗinku na wata bakwai ya riga ya shige wata hidima, don haka zuwa da zafi ba zai fito da shi ba. Ku je masa da zaɓi biyu, shugaban CDA yana zaune: ko ya mayar da kuɗin kashi-kashi a ranakun da za a rubuta, ko ya sa hannu cewa idan an gyara ɗakin naku ne, kuma wata bakwai ɗin za su fara ƙirguwa daga ranar da kuka koma. Idan rasit ya ƙone, bayanan banki ko shaidar mai kula da gidan za su tsaya. In ya ƙi duka biyun, Cibiyar Sasanta Jama'a da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Legas tana sasanta mai gida da ɗan haya kyauta, ita za ta aika masa takardar gayyata, ba sai kun ɗauki lauya ba. A ganina wannan kuɗin ya fi na ƙaramar hukuma kusa da hannunku, ku ba shi ƙarfi daidai da haka.

Faccalarki kuma ki yi mata uzuri. Ɗakin Legas da mutanensa ma ya yi kaɗan, balle an ƙara shida. Abin da ke canza fuskar mai masauki yawanci rashin sanin ranar tafiya ne. Ku zauna ke da ita, ki gode mata da baki, ki gaya mata watan da kuke sa ran tashi, ki karɓi wani aiki ya zama naki, kamar ɗiban ruwa ko girkin dare, kuma da zarar shayi ya fara kawo wani abu a riƙa ajiye kuɗin cefane ko kaɗan ne. Idan akwai wata 'yar'uwa a kusa, manyan yaran biyu su riƙa kwana can. Uwar adashi ma ki same ta da kanki tun kafin ranar zubi, ki nemi a sassauta miki na wata biyu, kada ta ji a bakin wasu. In har ta kai ga sai an sayar da 'yan kunnen, a sayar da sanin maigida, a auna a shago biyu ko uku kafin a yarda da farashi, kuɗin kuma ya tafi jarin shayi ko kafin alƙalamin sabon ɗaki.